Karatu a Gindin Tagar Mma

Nima, Accra, ranar Laraba.

Zuwa ga Suweiba, sanyin idanuna, ruwan randata a tsakar rana, iskar teku da ke biyo lungunan Nima da yamma ta kwantar da zafin kwano. Zuwa ga matata, abokiyar hirata, uwar baƙon da muke jira. Na yi miki sallama irin ta mutumin da kewa ta kama har ya gaji da ɓoye ta. Ina gaishe ki, ina gaida nauyin da kike ɗauke da shi, ina gaida ƙafafun nan naki da aka ce mini sun fara kumbura. Allah ya raba lafiya.

Dubi abin da kika mai da ni. Ni da nake wuni a kasuwar Circle ina gyaran wayoyin mutane, ina tayar da wadda ta faɗa ruwa, ina sa bebiya ta yi magana, yau ga ni da biro da takarda kamar ɗan makaranta, don waya ɗaya da nake so a ɗauka a duniyar nan, mai ita ta kashe ta da hannunta. Yayarki Awabu ce ta yarda za ta kawo miki wannan. Sai da ta gama dariyarta tukuna, har da share hawaye da bakin mayafi, sannan ta ce in rubuta, ita dai 'yar aike ce, ba ruwanta da faɗan miji da mata. Na san fushi kike yi da ni, na kuma san dalili. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke mini hukunci.

Tun ranar da Mma, mahaifiyarki, ta zo ta tafi da ke gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a cikinta na fari, ɗakinmu ya zama wani iri. Kayan ɗaki suna nan, fanka tana juyawa, amma sai in shiga in tsaya a tsakiya in rasa abin da ya kawo ni. Unguwar Maamobi ce fa kawai kika tafi. Babbar kwatar nan ce kaɗai tsakaninmu, wadda yara ke tsallake gadarta da gudu idan an aike su sayen koko. To yaya aka yi ta zame mini teku? Yaya aka yi nake hango rufin gidanku daga bakin titi, amma ya fi mini Tamale nisa? Kuma aka ce sai kin haihu, sai kin yi arba'in, sannan a maido mini ke. Na ce to.

Kin tuna ranar da na raka ki awo? Ni kaɗai ne namiji a kan bencin, mata suna ta kallona suna ƙunshe dariya. Nas ɗin nan mai tabarau ta yi muku bayani, rabi da Twi rabi da Turanci, cewa idan ciki ya tsufa ɗa yana jin sauti daga waje, yana sabawa da muryar da ya fi ji, har idan ya fito sai ya gane ta. Ta ce muryar uwa ce ta fi isa gare shi, amma uba ma idan ya matso kusa ana jin sa. Ta ce ku yi masa hira, ku yi masa karatu da ƙarfi, kunne yana fara koyon magana tun kafin baki ya buɗe. Sauran matan suka ɗauke ta wasa. Ni kuwa na riƙe ta. A cikin trotro, motar haya, muna komawa gida ina ta juya maganar a raina, har kika taɓa ni da gwiwar hannu kika tambaya ko yunwa nake ji.

Kashegari na tsaya wurin mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen tasha, na tono har ƙasa, na samo littafin nan na Hausa da ba shi da bango. Ba mu san sunansa ba, ba mu san wanda ya rubuta ba. Labarin wani bafatake ne da ƙanwarsa ta ɓace a cikin ayari, yana bin garuruwa yana cigiyarta. Daga ranar kuwa, idan na dawo masallaci bayan Magariba, sai ki jingina da bango ki miƙe ƙafa a kan tabarma, ni kuma in kwanta a gefe, bakina dab da cikinki, in fara. Wayyo, irin dariyar da kika yi mini a farko! Hausar littafin ta can ce, ta kakanni, mai kalmomin da mu 'yan Zango muka bari a hanya. In yi tuntuɓe a kan kalma, in koma baya, in sake faɗuwa, ke kina riƙe ciki kina cewa in yi a hankali kada baƙo ya koyi in'ina. Amma ba ki taɓa cewa in bari ba.

Sai yammacin nan da aka ɗauke wuta. Maƙwabta suka yi tsit, rediyon ɗakin gaba ya mutu, ba abin da ake ji sai yayyafi a kan kwano. Ina karatu da hasken waya, jirgi ya taso daga filin jirgi ya bi ta samanmu, na dakata ya wuce. Shirun da na yi ke nan kika kama hannuna kika ɗora a cikinki. Ya harba. Na ci gaba da karatu, ya lafa. Na sake yin shiru da gangan, ya sake harbawa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki. Suweiba, na rantse miki, a ranar na fara zama uba. Kika ce baƙo ya ce a ci gaba. Na ci gaba, ban ma san abin da nake karantawa ba.

Tun daga nan nake zama in yi ta tunaninsa. Ina ganinsa a can ciki kamar mai kwance a ɗaki ana ruwa, yana jin hirar mutane daga ɗakin maƙwabta, bai san fuskokinsu ba amma ya san wane ne wane. Yana jin mai kifi tana talla da yaren Ga. Yana jin yaron mota yana kiran fasinja da Twi. Yana jin kiran salla yana tashi daga wannan masallaci ya faɗa wancan har ya zagaye unguwa. Yana jin bugun zuciyarki, wanda ni ma na san daɗinsa. A cikin duk wannan hayaniya ta Accra, so nake a ce akwai wata murya mai kauri da ke zuwa kullum a kan lokacinta, wadda idan ya fito ya ji ta zai juyo da kai. Ko mace ce ko namiji, ban damu ba, wallahi. Ya dai juyo.

Sai ga shi an tafi da ke a daidai lokacin da kunnensa ya fi buɗewa. Kin san ba zan iya shiga gidan surukai in baje a tabarma ba. Iyakata bakin ƙofa, in durƙusa, in gaida Mma ido a ƙasa, in ajiye abin da na kawo, in juya. Kika ce in riƙa turo karatun ta waya ki ɗora a ciki. Na gwada don ke. Amma ni na san cikin waya, na san 'yar sifikar da ke ciki, ba ta kai farcen ɗan yatsanki ba. Tana yanke wa murya gindi ta bar kan. Abin da ke fita daga cikinta ba ni ba ne, wani siririn mutum ne mai kama da ni. Ban so ɗana ya saba da shi.

Shi ya sa na yi abin da na yi. Na tuna tagar ɗakinki na 'yanmatanci, mai kallon lungu, mai koren labule, wadda na sha wucewa ta gindinta ina tari na ƙarya kafin a ba ni ke. Na tuna kuma Baba Osman, mai sayar da tazbaha da turare a jikin wannan bango, wanda idanunsa suka yi rauni. Na je na same shi na ce ina so in riƙa zuwa bayan La'asar ina yi masa karatu, don lada. Ya ce madalla, ya matsa mini a benci. Duk wanda ya wuce ya ga yaron kirki yana taimakon tsoho. Ni kuwa bayana a jikin bango, kaina dab da taga, ina ɗaga murya yadda za ta ratsa labule. Ban gaya miki ba, so nake ki ji kawai ki gane.

Kuma na ga alama. Ina farawa sai in ji an jawo kujera daga ciki. Sai labule ya motsa, inuwa ta zauna a bayansa, ƙamshin turaren wuta ya fito. Zuciyata ta ce ga ta nan, kunya ce ta hana ta leƙowa. Na riƙa rufe shago da wuri, ina tsallake gada kamar mai fiffike. Na riƙa sayen burkina mai sanyi, abin shan nan na gero da nono, ina ajiye gorar a bakin taga, in kau da kai, in na waiwayo babu ita. Har na fara sa abin da ba ya cikin littafi. Idan bafataken ya isa wani gari ya zauna hutawa, sai in sa masa magana a baki: ke da kike bayan labule, ke ce wata a daren sha huɗu, idanunki sun hana ni barci, tafiyarki ta fi ta kowace mace a Zango. Baba Osman yana gyaɗa kai yana jan tazbaharsa, yana cewa lallai marubucin nan ya iya magana.

Sauran kin sani, amma ba ki ji daga bakina ba. Ranar Lahadi ina tsakiyar yabon wuyanki, aka yaye labule. Na ɗaga kai da murmushina, na yi ido huɗu da Mma. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na miƙe zan gudu, littafi ya faɗi, takalmi ɗaya ya fita. Ta ce da Hausarta ta Zango, ko gezau: “Falalu, kar ka gudu. Matarka yana ɗakin ciki tun ran da ya zo, mai ciki ba ya kwana bakin lungu. Ni ne ke nan.” Na durƙusa a cikin lungu. Ta ƙara da cewa: “Burkinan kuma, ka ce su rage suga.” Baba Osman kuwa dariya har tazbaha ta suɓuce masa. Ashe tun ranar farko ya san an yi musayar ɗaki, ya yi gum don kada labari ya yanke masa.

Kafin Magariba duk gidanku ya ji. Yaya Awabu ta ce matan gidan sun sa ki a gaba, wannan ta ce ina wata a daren sha huɗu, waccan ta ce a kawo wa matar malam kujera za a fara darasi. Ta ce kin shige ɗaki kin rufe fuska kin yi kuka, kin ce na tozarta ki a cikinki na fari, lokacin da ya kamata a ce ko maganar cikin ba a yi a gabanki. Kika aiko a ce kada in sake zuwa. Kika kashe waya. Ban ga laifinki ba, ƙanwata. Ke aka bari da su a gida ɗaya, ni na tsallake gada na tsira. Ki yi haƙuri. Kunyar da na jawo miki, da ana ɗaukarta a kai da na zo na ɗauke.

Amma bari in gaya miki abin da ya kai ni gindin tagar nan, don ban taɓa faɗa miki shi sosai ba. Kin san ni ɗan fari ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari har ya koma ga Allah. Bai taɓa kiran sunana ba. Kai, ko yaron nan, ko ya ce wa ƙanena je ka kira wancan. Ƙannena suna hawa cinyarsa, ni ina kallo daga bakin ƙofa. Na san yana sona. Yakan rage nama a kwanonsa ya ture shi gefen da zan bi, ba tare da ya dube ni ba. Ranar da na buɗe shago, duk masallaci ya gaya wa, ban da ni. Da ciwonsa ya yi tsanani ina zaune a gefen gadonsa, ya daɗe yana kallona, ya buɗe baki, na matso da kunnena. Sai ya tambaye ni ko na rufe shago da kyau. Suweiba, har yau ban san yadda sunana yake a bakin mahaifina ba. Ban riƙe shi a zuci ba, haka ya taras ana yi. Amma baƙon nan namu shi ma ɗan fari ne. Ina tsoron idan na bari ya fito ban saba yi masa magana ba, idan aka miƙo mini shi a gaban mutane, kunyar nan za ta taso ta kama ni a maƙogwaro kamar yadda ta kama mahaifina, in kau da kai, shi ke nan kuma har abada. A jinina take, ina jin ta. Karatun nan ba shi kaɗai yake koya wa magana ba, har da ni.

Jiya Mma ta aiko a kira ni. Na je, na ɗauka kashedi ne. Ta bar ni a durƙushe ta gama tsintar shinkafarta, sannan ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko bafataken nan ya samu ƙanwarsa. Ke kaɗai kika san shafukan ƙarshe na littafin sun yage, mun kuma yi alkawari mu biyu za mu ƙirƙiro masa ƙarshe. Na ce ban kai wurin ba tukuna. Ta ce ita a zamaninsu ba a yin haka, amma ta zauna a bayan labule ta ji, kuma ba ta ji abin Allah wadai ba. Ta ce ranar Juma'a bayan La'asar za ta tafi bikin suna a unguwar Alajo, za ta kwashe matan gidan duka, Yaya Awabu kaɗai za ta bari a kicin. Ta ce baranda tana nan, tabarma tana nan. Amma ta ce ba za ta jawo ki daga ɗaki ba, kunyarki taki ce, ke za ki san yadda za ki yi da ita.

To ga ni a ƙofarki, hasken gidana. Mma ta buɗe tata, saura taki. Me zan ce miki da ban faɗa wa mahaifiyarki ba a bisa kuskure? Duk yabon da na tara miki ya tafi inda ba a aike shi ba, ya bar ni da gaskiya tsirara: ina kewarki, ina kewar wanda ban taɓa gani ba, kuma kwanakin suna tafiya. Kowace yamma da ta wuce ba ta dawowa. Yana can yana jin muryar kowa, ta mai kifi, ta Mma, ta matan da ke tsokanarki, ban da tawa. Ko ya fara mantawa? Ko yana harbawa bayan Magariba ya ji shiru ya gaji ya bari? Wannan tunani shi ke hana ni cin abinci.

Ba na roƙon ki dube ni. Ki fito da mayafinki, ki rufe fuska idan kina so, ki juya mini baya ma. Ki zauna kawai inda murya za ta kai. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya da ba ta cikin littafi ba, na yi alkawari, na ga abin da ƙari ya jawo mini. Zan karanta a hankali, in an yi kiran Magariba in tashi in tafi. Idan kika fito, kin ba ni abin da ba wanda ya taɓa ba ni. Idan kuma kunya ta fi ƙarfinki, zan zauna a barandar har lokacin ya cika, in koma gida, in ci gaba da sonki kamar yadda nake yi, ba ragi.

Abu ɗaya dai nake roƙo wanda ba sai kin fito ba, ba kuma wanda zai gani. Na san duk abin da ke sama a zuci kika karanta shi. Daga nan zuwa ƙasa, don Allah, ki tura ƙofa, ki ɗora hannu a inda yake, ki karanta a fili. Ko da raɗa-raɗa ne, zai ji, ke ce mafi kusa da shi. Ki ara mini muryarki.

Baƙo, sannu da zama. Wannan muryar uwarka ce, amma maganar tawa ce. Ni ne mai karatun nan da ka daina ji. Ban tafi ko'ina ba, ina tsallaken gada. Sunana Falalu, ni ne babanka, kuma ba na jin kunyarka. Ka yi zamanka har lokacinka ya yi, kada ka wahalar da ita. Ranar da aka raɗa maka suna, a gaban liman da dattawan unguwa da duk wanda ya zo cin goro, ni zan fara kiranka da shi, da ƙarfi.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, muddin akwai sauran murya a ƙirjina,

Falalu